Man Gyaɗa a Lambun Abdulgani

A shekarar da gero bai yi ba, Abdulgani ya dogara kacokan ga lambunsa na fadamar Kalgo. Tumatir da gautan nan ne za su riƙe gidansa har damina ta faɗi. Wata biyu yana jan ruwa da jigo, sai ga darɓa, ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye suna tsotse shi. Ya barbaɗa toka, ya wanke da ruwa, kullum sai ƙaruwa suke yi.

Ranar kasuwa Malam Haruna, malamin gona, ya zo daga Gwandu a kan keke, ya tara masu lambu a gindin tsamiya. Abdulgani na jin an ce man gyaɗa na toshe wa ƙwarin numfashi, sai ya saɓa fartanya ya wuce. Bai ji sauran ba: cokali biyu a tulun ruwa, a dama da sabulu, a gwada a gindi uku tukuna, kuma sai rana ta yi sanyi.

A gida ya tarar matarsa Rabi ta gama matse gyaɗar ƙuli-ƙuli. Ya ɗauke ƙwaryar man gaba ɗaya.

Ta ce, "Malam, miya za ka yi muna a fadama?"

"Magani ne."

"Nawa aka ce a zuba?"

"Mai yana yawa? Ko a tuwo kin taɓa jin na ce ya ishe ni?"

Da tsakar rana ya tsoma tsintsiya a tsurar mai, ya bi shuka yana yayyafawa har ganye na sheƙi.

Kwana biyu bayan nan ganyen ya soye, furanni suka zube. Ƙwarin sun mutu, shukar ma ta bi su. Ga rijiyar lambu ta ja baya, babu halin sake dashe.

Da Malam Haruna ya zo duba lambun, ya murza ganye guda, ya ruguje a hannunsa. "Ai na ga ƙeyarka ran nan. Da ka tsaya, da ka ji awo."

Sauran ranin Abdulgani ya ƙare shi yana jan jigo a lambun maƙwabcinsa Hassan, wanda ya zauna har ƙarshen bayani, ana ba shi ɗan abin da zai kai wa Rabi.

Jama'a, mai yana maganin ƙwari, amma da awo da lokaci. In ana koya mana abu, mu ji shi har ƙarshe, abin da ya shige mana duhu kuma mu tambaya.