Gwajin Kunne

"Zagayo da hannunki bisa kai, ki taɓo kunnen can," in ji mushe, malamin da ke ɗaukar yara a sabuwar lakwal, makarantar boko mai zaman kanta ta Gaya. Shekara biyu bayan samun ƴancin kai, da haka ake gane yaron da ya isa shiga in ba shi da takardar haihuwa.

Yarinyar da uwarta ta kawo ta miƙa hannu har tana ɗage. Saura kaurin yatsa ɗaya.

"Mushe, ka taimaka," in ji uwar. "Daga Tunuga muka taho. Ga tabarmar kwananta, na riga na saya."

"Sai baɗi, baiwar Allah."

Kullum da safe yarinyar kan gwada. "Inna, ya kai?"

"Saura kaɗan."

Da bazara ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauke ta cikin kwana shida.

Kafin mata masu wanka su iso, uwar ta kwantar da ita bisa sabuwar tabarmar nan. Ta kama hannun da bai gama sanyi ba, ta zagaya da shi bisa kan a hankali. Yatsun suka sauka a kan kunnen.

"Ya kai," in ji ta.