Kangon Bayan Layin Dogo

Wari ne ya fara tarbarsu tun kafin su ga ginin. Nazifa ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci, amma a ƙarƙashin mayafin murmushi take yi. Irin abin da take nema ke nan.

Makon jiya malamin da ke koya musu haɗa fim ya kalli mabuɗin fim ɗin ban tsoron da rukuninsu ya ɗauka, ya yi dariya har da buga tebur. Jinin dai zoɓo ne, gawar kuma tana ƙifta ido. Ya ce ko su kawo abin da zai tayar masa da tsigar jiki ran Litinin, ko su ukun su maimaita shekara. Baban Nazifa kuwa ya riga ya yanke magana: in ta maimaita, ta tattara komatsanta ta koma Shinkafi, keken ɗinkin yayarta yana nan yana jiran ta.

Ita ce mai ba da umarni, Armiya'u ke riƙe kyamara, Sha'aibu kuma ke nemo wuri da kayan wasa. Sha'aibu ɗan wani ƙauye ne ta wajen Zurmi, ba shi da yawan magana, kullum cikin farar riga mai karin guga. Sai da ya yi ta jan ƙafa, Nazifa ta kusa cinye shi ɗanye, sannan ya ce ya san wani kango a bayan layin dogo, can ƙarshen garin Ƙaura. Ya kuma yi alkawarin ɗinka musu gawa ta buhu da tsumma, wadda ba za ta ƙifta ido ba. Sharaɗinsa ɗaya, a tsakar gida kawai za su tsaya.

A bakin ƙofa Sha'aibu ya dakata, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya tuɓe takalmansa.

"Aljanun gidan kake gaisarwa?" in ji Nazifa. "To ka ce musu su fito, muna neman 'yan wasa."

Armiya'u ya yi dariya, amma shi ma ya ja bisimilla kafin ya sa ƙafa, don ba a faɗa wa kango haka kai tsaye.

Ginin bulo ne da aka fara aka watsar. Rabin rufin ya tafi, an cushe tagogi da buhunan siminti. Wani koren ruwa ya kwanta a tsakiya, ƙudaje sun yi masa dafifi. A gefe ga wata baƙar tukunya da guntun tuwon dawa ya bushe a gindinta, kyankyasai na shawagi a kai. Nazifa ta tofar da yawu.

"Tir! Wallahi ko kare ba ya kwana nan," ta ce. "Sha'aibu, ka iya aiki. Har da tukunya ka kawo?"

Sha'aibu ya wuce gaba. Ya tsallake wani rami a ƙasa ba tare da ya duba ba, ya je ya tsaya jikin wata ƙofa da aka rataya wa tsohon bargo.

Nazifa ta tsara komai tana magana ta hanci. Kyamara za ta fara kan ƙuda ɗaya a bakin tukunya, ba kiɗa, ba magana, sai bubbugar fukafukai. Daga nan ta bi ƙudan a hankali, ƙasa-ƙasa, har inda suke taruwa. Armiya'u ya durƙusa ya bi su. Ƙudan kuwa ba su san da wani sharaɗi ba, ƙarƙashin bargon nan suke ta kutsawa.

"A nan waje munka ce," in ji Sha'aibu.

"Ɓoye mana gawar kake yi? Matsa, malam, shekarata ce za ta salwanta."

Ta bi ta gefensa ta yaye bargon.

Warin da ke ciki ya ninka na waje, warin ruɓaɓɓen ciwo da fitsari da ɗaki marar iska. Ta dafa bango ta leƙa. A kan wata yagaggiyar tabarma, ga abu nan dunƙule cikin zane. Ƙafa ɗaya ta leƙo, a kumbure, an naɗe ta da tsumman da ya jiƙe ya yi rawaya, ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin. Har faratan yatsun an yi su, masu kauri da tsagewa.

Ƙyama da murna suka kama ta lokaci guda. Wannan ko malam ba zai ci abincin rana ba bayan ya gani.

"Armiya'u, matso da kyamara kan ƙafar. Kusa sosai. Kai, wannan ƙazanta ta yi kyau! Sha'aibu, da me ka haɗa wannan ruɓaɓɓen abu?"

Ta sa bakin takalminta ta zunguri ƙafar don ƙudan su tashi a cikin hoto. Suka tashi buu. Ƙafar ta janye cikin zane.

Armiya'u ya saki salati. Zanen ya motsa, wata tsohuwa ta ɗago kai da ƙyar, idanunta fari fat da yana, tana lalubar inda muryoyin suke.

"Auta, kai na? Baƙi munka yi? Haba ɗan nan, ka bar mutane tsaye. Ɗauko musu tabarmar taka, ka ba su ruwa."

Daga bayan Nazifa, Sha'aibu ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

"To, Inna," ya ce.