Mai Jinyar Gado Na Huɗu

Badi'a ta ɗaga audugar da ke kan cikin tsohon, wari ya buge ta har ta cikin takunkumi. Ɗinki uku sun sake buɗewa. Wani ruwa kore mai kauri yana tsattsafowa daga bakin ciwon, ya jiƙa zanin gado sharkaf. Shekararta goma sha ɗaya tana aikin nas a Gwarzo, amma sai da ta kau da kai ta danne amai. Masu jinyar sauran gadajen tuni suka fice baranda.

Uwaisu kaɗai bai gusa ba. Ya tara mata roba, ya karɓi ƙazamar audugar da hannu, ko safa babu.

Kwana tara ke nan da wani mai a-kori-kura ya tsince su a gefen hanyar Getso ya matsa sai ya kawo su asibiti. Tsohon, Malam Jalo, yana kwance cikin jini, hanji a waje, Uwaisu na tsugune a kansa. Ya ce mahaifinsa ne, bijimi ne ya soke shi. Likitan da ya yi tiyatar ya ce bai taɓa ganin ƙaho ya yi yanka sumul haka ba, amma dai aiki ya yi kyau. Sai dai bututun numfashin da aka zura wa tsohon lokacin aikin ya kumbura masa maƙogwaro, murya ta ɗauke gaba ɗaya. Aka ɗaura masa robar iska a fuska, aka zura wata siririya ta hanci zuwa ciki don abinci.

Da Badi'a ta tambayi sauran dangi, Uwaisu ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sanar da kowa, amma ƴan'uwansa mata sun ce ba za su iya da wari ba. Tun daga ranar take jin ƙyamar matan nan da ba ta taɓa gani ba, ƙyamar da ta fi ta ciwon kansa. Ko a gida, tana tuƙa tuwo tana tsaki.

Don haka ta ja Uwaisu a jiki. Ta koya masa yadda ake tace kunu ya yi ruwa-ruwa, a ɗaga kan majinyaci, a tura da sirinji a hankali, don idan yana kwance ko aka yi sauri, abincin huhu zai nufa. Ta nuna masa makunnin tukunyar iska da inda bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba. Yana da yawan tambaya, kuma ba ya mantuwa.

Duk da haka jikin ya ƙi. Rana ta biyar kunu ya shiga huhu, zazzaɓi ya rufe tsohon, ƙirjinsa na ƙara kamar ana zuƙar ƙarshen fura. Sau biyu Badi'a tana tarar da iska ta kusa rufewa, leɓunansa sun yi baƙi ƙirin. Ta wanke Uwaliya mai shara tas, ta ce ita ke bangazar tukunyar da tsintsiya, matar ta yi ta rantsuwa har da hawaye.

Shi kuma tsohon ya zama abin da ya zama. Da an nufo shi da sirinji sai ya hau fizge-fizge, majina da yawu na dalala. Sau uku yana zare robar hancin, yana watsa wa mutane abin da ke cikinta. Yakan damƙe hannun Badi'a ya zaro ido, bakinsa na motsi ba sauti. Likita ya ce zafin zazzaɓi ne ya taɓa kansa. Ita da kanta ta ɗaure hannayensa biyu da bandeji a ƙarfen gado, Uwaisu na danne mata kafaɗunsa.

Kullum da safe tambayar Uwaisu ɗaya ce: yaushe murya za ta dawo? Yau, bayan ta gama wanke ciwon, ta yi masa albishir cewa kumburin ya saɓe, likita ya ce gobe ko jibi zai iya magana. Uwaisu ya ce ta je ta huta, shi zai ba tsohon kunun rana.

Ta miƙa masa sirinjin ta nufi famfo. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da wata mata, mayafinta duk ƙura, tana nuna wa mutane hoto a waya. Matar ta leƙa ɗakin, idonta ya sauka kan gado na huɗu, ta saki salati. Uwaisu ya waiwayo. Ya ajiye sirinjin a kan katifa, ya ɗauki buta, ya fita ta ƙofar baya, ko da yake azahar da saura.

Matar ta durƙusa tana kiran Baba, ta ce ita ce Asta. Tsohon ya daina fizga a karon farko, hawaye na bin gefen robar.

Badi'a ta tsaya a kanta, abin da ta tara na kwana tara ya taso mata.

“Sai yau kika ga dama? Ubanki na ruɓewa a nan kuna gudun wari. Ba don ɗan'uwanku Uwaisu ba, da tuni an binne shi.”

Asta ta ɗago, ta dubi ɗaurarrun hannayen, ta dubi Badi'a.

“Sista, wane ɗan'uwa? Mu uku Baba ya haifa, duk mata. Uwaisu mai yi masa kiwo ne. Kwana tara muna neman Baba daga Gude har Kabo, kullum shi ke bugo mana waya yana cewa ya rabu da shi a kasuwa lafiya ƙalau.”