Muryar Ƙarfe Bakwai

Kwana goma sha tara ke nan kofin shayin yana kan tebur, har ya yi wata farar fata a sama. Kullum sai ta dube shi ta ce yau za ta wanke shi, rana ta faɗi yana nan.

Ba ciwo take yi ba. Ƙaninta ya kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka auna abin da za a auna, likita ya ce lafiyarta ƙalau, ta dai riƙa samun barci. Barci kuwa tana yi har ya gundure ta. Abin da ya ɓace mata shi ne sha'awar yin wani abu. Yunwa ma sai ta zo, ta gaji da jira, ta tafi.

Shekara biyu ta yi tana jinyar mahaifiyarsu a wannan ɗakin. Ta juya ta, ta goge mata jiki, ta ba ta magani, sannan ta fita aiki tun duku-duku da fara'arta. Da tsohuwar ta rasu ba ta yi kuka ba. Bayan mako guda ta koma aiki, kowa na yabon ƙarfin halinta. Wata huɗu da yin haka, ran wata Litinin, ta saka takalmi ƙafa ɗaya, ta zauna a bakin gado tana kallon ɗayan har azahar.

"Yaya, don Allah ki faɗa min abin da kike so," in ji ƙanin nata.

"Ba na son komai."

"To me ke damunki?"

"Da na sani ai da sauƙi."

Ya ajiye mata burodi, ya roƙi telar da ta tare a ɗakin da ke kallon nata ta riƙa leƙo ta, ya koma bakin aikinsa.

Telar mace ce mai surutu da kirki. Washegari ta shigo da ƙaramin rediyo a hannu, ta ture tarin kayan wanki ta zauna.

"Maƙwabciya, tun da na zo gidan nan ban taɓa jin muryarki da kyau ba, sai ɗaga kai kamar mai ciwon haƙori. Na san wannan abin. Lokacin da aurena ya mutu, wata uku ban taɓa keken ɗinki ba. Wallahi matar nan ce ta tashe ni. Anti Kuzari. Kullum ƙarfe bakwai."

Ta murɗa rediyon. Murya ta cika ɗakin, mai daɗi, da dariya a ƙarƙashinta. Tana cewa mutuwar jiki ba lalaci ba ce. Wani rashin barci ne ke jawo masa, wani ƙarancin jini, wani aikin da ba a taɓa ce masa sannu ba. Wani kuma baƙin ciki ne da ya haɗiye bai tauna ba. "Kada ki ce za ki gyara rayuwarki yau," in ji muryar. "Tashi ki buɗe taga kawai."

Telar ta lura leɓen maƙwabciyarta na motsi tare da maganar, ta ji daɗi, ta ce a ranta an fara samun kanta.

Bayan ta fita, matar ta gwada. Ta sauko da ƙafafu, ta dafa bango, ta isa tagar. Ta ɗora hannu a kan sakata. A waje ana ta harka, mota na hon, wata na shanya. Ta tsaya tana neman dalili ɗaya da zai sa ta ja sakatar, ba ta samu ba. Ta koma ta kwanta.

Haka aka yi kwana tara. Muryar ta ce a wanke kofi ɗaya, ta ce a kira mutum ɗaya, ta ce a taka zuwa bakin titi a dawo. Telar na gyaɗa kai, matar na kallon silin, wani lokaci hawaye na gangarawa cikin kunnenta ba ta share ba.

"Zan tura wa Anti saƙo a kanki," in ji telar. "Sai dai kwanan nan ba ta ɗaukar kiran masu sauraro, ban san dalili ba."

"Kada ki wahalar da kanki."

"Ke dai bari. Ita kaɗai za ta iya da ke."

Matar ta juya fuskarta bango.

Ran Alhamis, shirin na tsakiya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Telar ta buɗe. Wani mutum ne mai furfura, da katin aiki rataye a wuya, yana haki saboda hawan bene. Ta ɗauka ma'aikacin wutar lantarki ne. Ya yi sallama, ya dubi kwanuka, ya dubi labulen da ba a ɗaga ba, ya dubi matar da ke kwance. A rediyo muryar na dariya, tana cewa babu wanda ya yi nisan da ba zai dawo ba.

Mutumin ya miƙa hannu ya rage sautin, ya tsuguna a gefen gadon, ya yi ƙasa da murya.

"Anti Kuzari, shirin yau shi ne na ƙarshe cikin waɗanda kika naɗa mana. In ba ki zo gobe ba, ƙarfe bakwai ba mu da abin da za mu sa wa mutane."