Motar Hajiya da Ɗaurin Hajiya

Wata Hajiya ce mai sayar da leshi, wadda duk garin aka san ta da tsayin ɗaurin ɗankwali. Sai ta sayi motar lantarki, irin mai tsadar nan da ba ta shan mai, ba ta ƙara, tafiya kamar ana zuba man shanu a tuwo mai zafi. Abin da dillali bai faɗa mata ba shi ne, maƙeran sun zaunar da batir a ƙarƙashin kujeru, daɓen motar ya taso, sun kuma kwantar da rufin baya don motar ta riƙa yanka iska, caji ya daɗe. Ranar kamun amaryar ɗanta, mai ɗauri ta gina mata wani ɗaurin ashoke a ka kamar hasumiya. Hajiya ta zo shiga gidan baya, ɗauri ya ce sam. Ta fito, ta dubi mota, ta shafa kai. A gaba akwai sarari, amma ta zauna kusa da direba a ce rage mata hanya aka yi? A kwance ɗaurin kuma, wa zai gane ita ce? Direba ya ce, "Hajiya, ko a kira Keke?" Ta watsa masa harara, ta shige a karkace, kunne a kan kafaɗa.

Haka aka tafi har garin amarya, kujera mai laushi tana mata tausa a baya, sanyi na busawa, wuya na ci mata wuta. Ta sauka lafiya da ɗauri, sai dai wuyan ya ƙi komawa wurinsa, ya kafe yana kallon dama. Dangin amarya kuwa a hagu aka jera su. Suka yi ta "Sannu da zuwa, Hajiya, an zo lafiya?" ita ko ta wuce su tana wa bango murmushi. Kafin a raba shinkafa magana ta zaga: uwar ango ta yi mota, ta daina ganin mutane. Sai da aka tura dattawa ban haƙuri. Yau motar na nan a lulluɓe, ashoken na cikin akwati, Hajiya na tsakiya da man zafi a wuya, kullum tana tambayar duk wanda ya zo dubiya: "Ni wai wanne zan rage, kan ko motar?"

Dama Hausawa sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.