Sumar Mai Sayar da Yadi

Mutum bai taɓa yi wa abin bautarsa gaskiya ba kamar ranar da ɗansa ke kwance, rai kwakwai mutu kwakwai. Gaskiyar takan ɗore har zuwa ranar da yaron ya tashi ya nemi abinci.

Ka ji misali. A ƙasar Indiya mabiya addinin Hindu suna da wani wurin bauta can a ƙolin dutse. Sun ce abin bautarsu ne da kansa ya zaɓi wurin ya zauna, kakannin kakanninsu kuma suka sassaƙa matakala tun daga gindi har sama. Sarakuna sun kai zinariya, sun shuɗe. Talaka kuwa har yau gashin kansa yake kaiwa: ya hau da ƙafa, ya zauna gaban wanzami a aske shi tas, alamar ya ajiye girman kai a bakin ƙofa. To, akwai wani mai sayar da yadi, duk kasuwa ba mai sumarsa, kullum tana sheƙi da man kwakwa. 'Yarsa ƙarama ta kwanta zazzaɓi har aka fara fid da rai, sai ya yi alkawari in ta tashi zai hau dutsen ya ba da sumar. Ta tashi. Shekarar farko ya ce damina ce, matakala na santsi. Ta biyu ya ce ciniki ya buɗe. In matarsa ta tuna masa sai ya ce, "Haba, dutse ai ba tafiya zai yi ba." Kuma gaskiyarsa, dutse bai tafi ba. Suma ce ta tafi, kaɗan-kaɗan, a bakin mataji.

Sai da aka sa ranar auren yarinyar uwar ta kafe, ta ce ba za a kai mata 'ya gidan wani da alkawari a kanta ba. Suka hau su uku, yana haki yana neman wurin zama. Wanzami ya kwance masa rawani, ya duba gaba, ya duba ƙeya, ya ajiye askarsa ya ce, "Baba, ai wani ya riga mu." Sai yarinyar ta warware gashinta da ya sauko har gadon baya, wanda ta daɗe tana tattalinsa saboda biki, ta zauna a gurbin ubanta. Haka aka yi bikin, amarya da uban amarya kai iri ɗaya.

Ba banza ba Hausawa suka ce alkawari kaya ne.