Mai Wanki da Bangon Ɗakinsa

In ka ga mutum wari ya dame shi yana ta ƙara turare, zaunar da shi ka ba shi labarin wani mai wanki da guga da aka yi a wata unguwa ta bakin kasuwa. Mutumin nan ya iya aikinsa, wannan ba a ja. In ya sa wa shadda sitati ya bi ta da dutsen guga, kari zai fito kamar bakin wuƙa. Da Allah ya buɗa masa sai ya kama ɗaki don ajiyar kayan mutane, ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya toshe 'yar tagar da kwali da tsumma, wai kada idon masu wucewa ya faɗa kan kayan amana. A bayan ɗakin yake wanki, ruwan ɗauraya kuwa a gindin bango yake sheƙa shi, bokiti bayan bokiti, tun safe har la'asar. Da rani rana tana rufa masa asiri. Damina na sauka, magana ta canja: kaya su shiga ɗaki fes, su kwana biyu a ninke, su fito suna wari kamar tsumman da ya shekara a ƙarƙashin randa. Shi da ke wuni a ciki hancinsa ya riga ya mutu, sai da wani dattijo, wanda shi ne ya fara ba shi wanki a unguwar, ya sa babbar rigarsa ya je Juma'a, na kusa da shi a sahu ya dinga kawar da kai. Daga masallaci bai zarce gida ba. Ya tsaya a ƙofar mai wanki ya ce, "Kai, da ruwan kwata ka wanke min riga? Saura wanki ɗaya tsakanina da kai. In ya dawo haka, ka nemi wani." Mai wanki kuwa ya sani, ranar da dattijon nan ya ɗauke kayansa, unguwar ce duka za ta bi bayansa.

To maimakon ya tsaya ya duba, sai ya shiga rabon laifi. Ya ce sabulu ne, ya canja sabulu. Ya ce ruwa ne, ya tare ɗan garuwa ya wanke shi tas da baki, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya sayo turaren wuta ya banka, ya ja ƙofa ya rufe gam don ƙamshi ya kama kayan. Ƙamshi da wari suka haɗu suka haifi abin da ya fi su duka muni. Daga nan ya yanke cewa asiri aka yi masa, kuma ya san mai shi: wani mai wanki na ƙarshen layi da bai taɓa ce masa ko ci kanka ba.

Akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane da ke kasa kayanta kusa da shi. Da ya je sayen wani kaskon turare sai ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, kasko na uku ke nan a wata guda. Mushe ka ajiye a ɗakin?" Ya ce, "Iya, maƙiya ne suka sa ni gaba." Ta dogara sandarta ta bi shi ta shiga ɗakin. Ta dafa bango da tafin hannu, ta ji shi da sanyi kamar cikin tulu. Ta sa bakin sanda ta ɗaga ledar, ga ƙasa jagab, ga fumfuna baƙi ƙirin ta bi gindin bango, kyankyasai suna neman mafaka. Ta leƙa bayan ɗakin ta ga taɓo. Ta ce, "Lalle kana da maƙiyi. Da bokiti yake zuwa kullum da safe, kuma da shi nake magana yanzu. Shekara hamsin ina aikin ƙasa, ban taɓa ganin wadda aka shayar aka toshe mata hanci ta bushe ba." Ya dubi ƙasan ledar, ya gane da wa take.

A ranar ya ari fartanya ya ja wa ruwan wankinsa hanya har kwata, nesa da bango. Ya fizge kwalin taga, ya naɗe ledar ya jefar, ya kankare fumfunar, ya bar ƙofa a buɗe iska na ratsawa. Ya sa kafinta ya kafa masa katako sama da ƙasa, nesa da bango, ya daina ninke kaya da ɗuminsu sai sun sha iska. Kaskon turaren nan guda uku ya cika su da gawayi ya ajiye a kusurwoyi suna shan laima. Bango bai bushe a kwana ɗaya ba, abin da aka yi shekara ana shayarwa. Sai da ya yi mako uku yana shanya kayan mutane a rana kafin ya kai musu. Ranar da ya kai wa dattijon babbar rigarsa, dattijo ya warware ta, ya cusa hanci a wuyanta, ya daɗe. Ya juya cikin gida ya ce a tattaro masa wanki har da zannuwan gado.

Kowane wari yana da gindi, a can ake tone shi. Hausawa sun riga sun gama magana: ruwa ba ya tsami banza.